Wasiƙar Godiya ga Wani Shagon Kayan Lantarki na Titin Falasɗinu a Jidda

Zuwa ga Alhaji mai shago da yaransa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a, a madadin ɗalibaina da iyayensu, domin in gode muku bisa amanar da kuka riƙe a cinikin na'urorin GPS na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, waɗanda muke ɗaura wa ƙananan rokokin gwaji. Kun nemi kada in ambaci sunanku ko na shagon, kuma na mutunta wannan buƙata, amma 'yan'uwa Hausawa da ke zirga-zirga a Titin Falasɗinu, inda ake hada-hadar wayoyi da kayan gyaransu, za su gane wanda nake nufi.

Tun daga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Rayyana Barnawi, haifaffiyar wannan birni, da Ali Alƙarni suka tafi tashar ƙasa da ƙasa ta sararin samaniya, sha'awar yaranmu ga wannan fanni ta ƙaru ƙwarai, har muka kafa wani ɗan rukuni na koyon harhaɗa roka. Ƙalubalen da ke gaban duk mai wannan sha'awa shi ne dawo da rokar bayan ta tashi, domin da zarar laimar da ke saukar da ita a hankali ta buɗe, iska ke jan ta zuwa inda ta ga dama, kuma a filin hamada ido ba ya daɗewa yana bin ƙaramin abu. Na'urar da ake sa mata tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, tana buƙatar aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take da tsawon da ta kai, sannan ta turo wannan bayani ta rediyo zuwa makarɓin da ke hannun mai nema. Sabuwa tana da tsada, ga kuɗin jigila, shi ya sa ƙarfinmu ya tsaya a kan ta hannu.

Sai dai na'urar da ta taɓa tashi ta sha girgiza da zafi da faɗuwa, kuma aibinta ba a fuska yake ba. Wanda ya saya a kasuwar kayan hannu ko ta intanet yakan biya kuɗi ne bisa maganar mai sayarwa kawai. A nan ne, Alhaji, kuka bambanta, domin ku aibi kuke fara faɗa kafin farashi.

Ba zan manta yadda kuka ɗora fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke cikin na'urar, ƙarƙashin madubin ƙara girma ba, kuka kira yaran ɗaya bayan ɗaya su leƙa, kuka nuna musu wata tsaga siririya kamar gashi a gindin eriya, wadda ba wanda zai gano ta da ido tsirara. Kuka sa babban yatsa kuka danna batirin, kuka ce ya fara kumbura, kuma batirin litiyam da ya kumbura ba a sake yi masa caji, balle a bar shi cikin mota a zafin Jidda. Kuka nuna mana koren tsatsar da danshin teku ke haifarwa a bakin wayoyi, kuka goge shi, kuka sake liƙe wurin da dalma. Bayan haka kuka fitar da na'urar waje inda sama take a buɗe, muka tsaya har ta kama taurari, sannan kuka tura yaronku da ita a mota, mu kuma muna riƙe da makarɓin, domin mu ga da idonmu nisan da saƙon ke yankewa. Duk abin da aka gani kun rubuta shi a bayan fatura, wato rasit, har da gyaran da aka yi, kuka kuma rage kuɗin gwargwadon aibin ba tare da mun roƙa ba.

Abin da ya fi girma a wurina shi ne cinikin da kuka ƙi yi. Akwai wata na'ura ƙirar Amurka a cikin gilashinku, mai kyau, wadda yaran suka ƙwallafa rai a kanta, kuma kuɗinta na hannunmu. Kuka bayyana mana cewa tana aiki ne a zangon rediyo na megahaz 902 zuwa 928, wanda aka sake wa jama'a a Amurka, alhali a wannan yanki ɓangaren 890 zuwa 915 na layukan wayar salula ne, saboda haka kunna ta a nan shiga gonar wani ne. Kuka ce mu fara tuntuɓar Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha, wadda ta ɗauki wannan suna a shekarar 2022, domin mu tabbatar da zangon da aka halatta da irin lasisin da ake buƙata. Kuka kuma ja kunnenmu cewa kada a harba komai sama sai da izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama, musamman a garin da filin jirgin Sarki Abdul'aziz ba ya hutawa dare da rana. Riba ce a fili kuka bari ta wuce, a kasuwar da kowa ke kukan hayar shago. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma na ga ɗalibaina sun fahimci wannan hadisi a shagonku fiye da yadda suka fahimce shi a aji.

Haka nan kun kuɓutar da mu daga zargin kaya mai lafiya. Kun sanar da mu tun kafin gwaji cewa a daidai lokacin tashi na'urar takan rasa taurarin na ɗan lokaci saboda tsananin fizga, sannan ta sake kama su bayan laima ta buɗe, kuma hakan ba lalacewa ba ce. Da wani yaro ya tambaye ku game da iyakar da ya ji ana faɗa, kun amsa masa cewa da yawa daga na'urorin farar hula an ƙera su ne su daina ba da bayani idan sun haura tsawon mita 18,000 ko gudun kusan kilomita 1,900 a awa guda, kuma rokar ɗalibi ba ta kusantar wannan, don haka babu dalilin ƙara kuɗi a kan abin da ba za a yi amfani da shi ba.

Da muka kawo tsohuwar na'urarmu domin ku sayar mana, kun faɗi la'adarku tun farko, kun share wuraren da ta adana a ƙwaƙwalwarta, kuma a gabana kuka shaida wa mai saye cewa ta taɓa faɗowa ba laima, kuka nuna masa kusurwar da ta bugu. Ya saya da zuciya ɗaya, mu ma muka karɓi kuɗinmu ba tare da nauyi a wuya ba.

Ina da roƙo guda, Alhaji, wanda iyayen yaran suka ɗora mini. Idan hutun makaranta ya zo, muna fatan ku karɓi wasu daga cikin manyan ɗaliban su riƙa zama a gefen teburinku, su koyi riƙon ƙarfen dalma da auna batir da karanta fanel, kuma za mu ɗauki nauyin zuwansu da komawarsu.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya ba ku lafiya da nisan kwana, ya raya zuri'a, ya jiƙan magabata.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin kimiyya, a madadin ɗalibai da iyayensu,
Jidda, Saudiyya.