Wasiƙa daga Damagaram

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Tamanrasset? Gida lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Labarin ƙanenka zan ba ka, tunda kullum shi ne tambayarka. Wata uku ke nan rabonsa da tramol, in ban da kwana biyu da ya zame bayan Sallah. Gara ka ji wannan daga bakina.

Ka tuna katangar gidan kakarmu a unguwar Birni da damina ta cinye? Wani tsohon magini ya ce zai gyara ta kyauta, amma sai in samarin fadarmu ta hira ne za su kwaɓa masa ƙasa. Mu da muka yi shekaru muna yi musu wa'azi a banza, dariya muka yi. Su bakwai suka zo, ƙanenka na cikinsu, don an ce akwai shayi da dafa-duka.

Makon farko ya sha wuya. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya mai miligiram 225, alhali ta asibiti 50 ce, ba ya saki lokaci guda. Ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga gudawa, barci kuma ya ƙaurace masa. Sai da muka kai shi wurin likita ya tsara masa yadda zai riƙa ragewa, don haka kada ka ɗauka laka ce kaɗai ta yi aikin. Abin da lakar ta yi shi ne cinye masa lokacin nan na bayan la'asar, da a da yake ɗaukar kabu-kabu ya nufi wurin masu sayarwa.

Da aka gama yaɓe aka shafa makuba, tsohon ya ba kowa kamu biyu na bango, ya ce ya zana abin da ke ransa. Wasu suka yi dagi, wani ya yi takobi. Ƙanenka ya zana babur ɗinsa da ya sayar, har da madubi. Tsohon ya daɗe yana kallo, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin babur a jikin katangar Birni ba, amma a bar shi.

Yanzu matan unguwa na kawo musu kunu, yara na tankaɗe ƙasa. Mai shagon da ya taɓa korar ƙanenka ya nemi ya yi masa ado a ƙofa kan jika biyar. Suna ma shirin wasan kara, wasan nan na kwaikwayon mutane, wai shi zai fito a mai sayar da ƙwaya, kuma wallahi ya iya tafiyar mutumin har abin ya ba ni tsoro.

Roƙona biyu. In za ka aiko da kuɗi, ka aiko ta hannun Inna tukuna. In kuma ka kira shi, kada ka fara da "ka daina?" Tambaye shi babur ɗin nan na bango, yana so ka sani.

Naka,
amininka na Birni