Kokenmu ga Ciyaman: a nuna mana kasafin kudi kafin kansiloli su amince da shi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Karamar Hukuma, ta hannun Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa.

Assalamu alaikum. Ranka ya dade, mu ne mutanen unguwar bakin kasuwa, masu shaguna da yan tebur da iyayen yara, mun zauna a kofar gidan mai unguwa bayan isha'i muka ga gara mu rubuto maka da mu ci gaba da gunaguni a teburin mai shayi inda ba mai jinmu.

Maganar kasafin kudi ce ta kawo mu. Duk karshen shekara sai dai mu ji a rediyo an ce an gabatar an kuma amince, shikenan, wallahi a cikinmu har da dattijan da suka haura saba'in babu wanda ya taba ganin takardar nan da idonsa, ba mu san nawa ya shigo ba, nawa albashi ya cinye, nawa ya rage na aiki. Alhali kullum ta Allah masu karbar haraji na zagayowa, mai kosai ta biya, mai kayan miya ya biya, mai shago ya biya na shekara, wani lokacin rasit din ma ko lamba babu a jiki balle hatimi, in ka yi magana a ce za a dauke maka tebur. Mu ba kin biya muke ba. So muke mu ga inda kudin ke sauka.

Ranka ya dade ka sa a zo a ga kwalbatin bakin kasuwa. Damina uku kenan da ya rufta, rodin ya fito waje tsirara, yara masu zuwa firamare a kan wani katako suke tsallakawa, ranar da aka yi ruwan nan mai karfi na watan Agusta kwata ta cika ta juyo cikin shaguna, muna ji muna gani buhunan gero da sukari suka jike, wani bawan Allah a cikinmu har yau bai gama biyan bashin kayan ba. Ga bola ta cinye rabin titi. Duk sanda muka je sakateriya amsa daya ce, ba ya cikin kasafin bana. To wa ya rubuta kasafin, kuma wa aka tambaya? Kasuwa da tasha da kwata da kwashe shara ai tsarin mulkin 1999 ne da kansa ya lissafa su a jadawali na hudu a matsayin aikin karamar hukuma, ba alfarma muke roko ba.

Kuma muna bin labarai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kudin da ake rabawa a Abuja duk wata ya karu, mu muka sha wuyar a kudin mota da kwanon masara, kuma kaso 20.6 cikin dari na asusun tarayya na kananan hukumomi 774 ne. Sannan ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Koli ta yanke hukunci a rika biyan kananan hukumomi kudinsu kai tsaye. Dan Allah ku fito ku fada mana gaskiya, namu kai tsaye yake shigowa ko har yanzu ta asusun hadin gwiwa da jiha yake bi? In an daure maka hannu ne mu sani, mu taya ka magana.

Abin da muke nema ba mai tsada bane. Kafin a kai kasafin badi gaban kansiloli a kira taro a kowace mazaba, mata ma a basu nasu lokacin don su suka san halin da asibitin sha-ka-tafi yake ciki, kowace mazaba ta fadi aikin da ya fi damunta. Malamin makarantar dake cikinmu yace birnin Porto Alegre na kasar Brazil tun 1989 suka fara haka, talakawa ke zaben aikin da za a fara yi. In an amince da kasafin a fassara shi da Hausa a lika a bangon sakateriya da kofar Hakimi, duk wata uku kuma ma'aji ya lika abin da ya shigo da abin da aka kashe, har da harajin kasuwa, da sunan aiki da kudin kwangilarsa. Rasit kuma a yi mai lamba.

Kwalbatinmu dai muna rokon a sa shi a sahun farko, a yi shi da rani kafin ruwa ya sauko. Wakilanmu a shirye suke duk ranar da ka sa mana.

Allah ya taya ka riko, amin.

Mu ne naku,
Al'ummar unguwar bakin kasuwa