Kafin a cire wa tsohuwar Datsun 240Z manifol ɗinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya a sana'armu ta gyaran mota, wato yadda samari masu sha'awar tsofaffin motocin tsere suka mayar da canza manifol kamar canza hula, mutum ya ga bidiyo a YouTube da daddare, gari na wayewa sai ga shi a gareji wai a cire masa na asali a ɗaura masa irin na bidiyon.

Ga wanda bai sani ba, manifol shine bututun alminiyam ɗin nan da yake ɗauko iska haɗe da fetur daga kafireto ya raba wa kowace silinda rabonta. Ba ya motsi ba ya ƙara, amma numfashin inji gaba ɗaya ta cikinsa yake bi.

Motar da zan kafa hujja da ita ita ce Datsun 240Z, saboda ita na fi sani kuma ita na fi jin tausayi. Kamfanin Nissan ne ya fitar da ita a ƙarshen 1969, a Japan suna ce mata Fairlady Z, injinta L24 ne, lita 2.4, silinda 6 a jere, ƙarfin doki 151 a lissafin Amurka na wancan lokacin. Kuma ba motar kwalliya ba ce kawai, ita ta cinye gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971, ta sake cinyewa a 1973. Daga kamfani tana zuwa da kafireto biyu na Hitachi, ƙirar SU ta Ingila, na gaba yana ciyar da silinda uku na baya ma uku. Toh abin da kowa yake mafarki yanzu shine a cire waɗannan biyun a sa manifol mai ɗaukar kafireto ƙirar Weber DCOE guda uku, ko ƙirar Mikuni guda uku, kowanne da maƙogwaro biyu, kaga kenan kowace silinda ta samu nata maƙogwaron ita kaɗai. Wallahi abin yana da kyau a ido idan aka ɗaga bonet, kuma ƙarar da yake yi in an taka totur tana shiga rai, ni ma ina son ta, kuma a injin da ya cancanta yana ƙara ƙarfi na gaskiya. Matsalar ita ce yawancin injinan da ake ɗaurawa ba su cancanta ba.

Kafireton SU yana da wani ɗan fistin a ciki da allura a ƙasansa, yana tashi ne daidai yadda inji ya zuƙi iska, in inji na sulo ƙofar ƙarama ce, in ya ɗau wuta ta buɗe, shi yasa ko ka danne totur gaba ɗaya lokaci guda ba zai ba injin abin da ya fi ƙarfinsa ba. Weber ba haka yake ba, faɗin maƙogwaronsa a tsaye yake, abin da ka zaɓa shi ka samu. In ya yi faɗi da yawa iska sai ta riƙa tafiya a hankali, ba ta da saurin da zata ja fetur ta tarwatsa shi, sai man ya kwanta a cikin bututu, ka taka a danja motar ta shaƙe ta yi tari kafin ta tashi, fulogi su yi baƙi ƙirin, mai kuwa kamar ana zubarwa. Mutane na rububin Weber 45 (lambar faɗin bakinsa ce a milimita) don lambar ta fi girma, alhali a lita 2.4 da ba a taɓa ba 40 ma ya isa, da zoben ciki na milimita 30 ko 32. Haka tsawon bututun, dogo yana ba da ƙarfin ja tun daga ƙasa, gajere sai inji ya kai can sama yake nuna kansa, to kai a ina kake tuƙi, a filin tsere ko a gosulo?

Su kansu Nissan ai sun taɓa sa kafireto uku a wannan jikin motar, a Fairlady Z432, amma duba abin da suka haɗa da shi, bawul 4 a kowace silinda, kafireto 3, kamshaf 2, daga nan ma sunan 432 ya fito. Wato sai da suka buɗe wa injin hanyar shiga da fita sannan suka ƙara masa baki. Mu kuma anan tof silinda na nan yadda yake, kamshaf na asali, salansa ta toshe, ringi sun gaji, amma manifol ake son ya yi abin al'ajabi.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta fi damuna. A injin L24 manifol na iska da na hayaƙi gefe ɗaya suke, na iska a sama na hayaƙi a ƙasansa, shi yasa kamfani ya sa farantin ƙarfe a tsakani ya tare zafi. Masu gaggawa sai su cire farantin su yar wai ba ya shiga da sabon manifol, daga nan fetur ya fara tafasa a cikin kafireto, ka kashe mota ka shiga masallaci ka fito ta ƙi tashi. A Amurka ma ƙirar 1973 ta sha ƙorafi kan tafasar mai, ina ga zafinmu na watan Afrilu. Kuma wasu notinan da wosha mai kauri ɗaya suke danne manifol biyun tare, in leɓen sabon bai yi kauri ɗaya da na hayaƙin ba woshar zata karkace, gasket ba zai damƙe ba, iska ta riƙa satar hanya, silindar nan ta riƙa cin iska fiye da mai har bawul ya ƙone.

An taɓa kawo mana wata 240Z gareji da aka yi wa wannan aikin a wani wuri, mai ita yana kukan birki ya yi tauri sai ya miƙe a kai. Ina leƙawa sai ga tiyon servo na birki, wato na'urar da take sauƙaƙa taka birki, a rataye an toshe bakinsa da tsohon fulogi an ɗaure da waya, saboda sabon manifol ɗin ba a huda masa wurin da tiyon zai shiga ba, alhali daga zuƙar manifol servo ɗin yake samun ƙarfin taimaka wa ƙafa. Bakunan kafireto shida kuma a buɗe, ba matatar iska ko ɗaya don a ga ƙahonin suna ƙyalli, na sa yatsa a ciki na shafo jar ƙasa har da ɗan tsakuwa-tsakuwa. Wannan ƙasar duk cikin silinda take tafiya tana cin ringi, hunturu ɗaya ya ishe ta. Na tambaye shi ina na asalin, ya ce ai an haɗa da tarkace an sayar wa 'yan gwangwan. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin alminiyam in ya shiga hannun masu narka shi tukunya zai koma, abin da ya haura shekara hamsin kuma kamfani ya daina yin sa.

Ni shawarata ga duk mai irin wannan motar, ko MG ko Triumph ko wata tsohuwa mai SU, a fara auna matsin kowace silinda, a saita bawul, a saita wuta, a duba sandar totur ta kafireton domin in ta ci tana jan iska ta gefe kuma ba za ta taɓa saituwa ba, a canza mata bushin a daidaita biyun su riƙa numfashi tare. Da yawa daga nan zasu ga motar da suke nema dama tana hannunsu. Wanda kuma ya ce shi lallai sai Weber uku, bismillah, amma ya shirya wa salansa da kamshaf da aikin tof silinda, ya sa abin rage matsin mai don Weber ba ya son fiye da kusan psi 3, ya mayar da farantin zafi, ya sa matata, ya haɗa tiyon birki, sannan ya nemi makaniken da yake da abin auna iska da haƙurin zama da jet-jet, wato 'yan ƙofofin da fetur yake fitowa ta ciki a kafireto, har su dace, ba mai saitawa da kunne a minti goma ba.

Malam Edita ina roƙo ku buɗe mana shafin mota da Hausa ko sau ɗaya a wata, yaranmu na gareji suna da kai da hannu amma duk bayanin nan da Turanci yake zuwa musu. Masu motocin kuma dan girman Allah duk abin da aka cire muku, manifol ne, kafireto ne, har notinan, a wanke a shafa baƙin mai a sa a kwali ku tafi da shi gida.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
wani makanike mai karanta ku daga Kaduna