Iyaye, ku sassauta wa yaranku 'yan ƙwallo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da iyayen da ke kai 'ya'yansu makarantun koyon ƙwallon ƙafa a Kano da Kaduna da Jos. Tun da aka ga inda Allah ya kai Ahmed Musa, wani uban ya mayar da ɗansa mai shekara 10 jari. Atisaye da asuba, atisaye bayan la'asar, Asabar da Lahadi gasar unguwa. Yaro ya ce ƙafarsa na ciwo, a ce ragwanci ne.

Ba ragwanci ba ne. Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. A bakin dogayen ƙasusuwa akwai guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma nan ne ya fi rauni. Yawan gudu da tsalle a busasshen fili kan sa jijiya ta riƙa fizgar wurin. Daga shekara 8 zuwa 14 ciwon kan fito a dunduniya. Daga 10 zuwa 15 kuma sai ya fito a ƙasan ƙoƙon gwiwa, har ƙullutu ya taso, wanda likitoci ke kira Osgood-Schlatter. Maganinsa rage atisaye, da ɗora ƙanƙara naɗe cikin tsumma na minti 15, da ganin likita idan yaro na ɗingishi. Amma me ake yi? A shafa man zafi, a ba shi maganin kashe zafin ciwo na diclofenac, a tura shi fili. Wasu har tiramol suke bayarwa, alhali tun 2024 an haramta shi a lokacin gasa.

Ma'aunin likitocin wasanni ba shi da wuya: awannin atisaye a mako kada su wuce shekarun yaro. Ɗan shekara 11, awa 11 ne iyakarsa, har da wasannin gasa a lissafin. A ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu duk mako, da barcin awa 9. Wanda bai kai 12 ba, ƙwallo mai lamba 4 ko ƙasa da haka ce tasa, ba lamba 5 ta manya ba, kuma a daina jera ƙanana ana jefa musu ƙwallo su buga da ka. A zafin Maris da Afrilu a tsaya shan ruwa duk bayan minti 20.

Uban da ke tsaye a bakin fili yana zagi kuwa, ya sani yana hana yaron koyo ne. Koci ya ce riƙe ƙwallo, baba ya ce buga, sai yaro ya koma neman rabuwa da ita don kada laifi ya faɗa kansa.

To, gaggawar ta mece ce? Sashe na 19 na dokar FIFA ya hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Shi kansa Ahmed Musa, da ya bar Kano Pillars a 2010, sai da ya jira cika 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Don haka duk dillalin da ya ce a sayar da gona zai kai ɗan shekara 14 gwaji Turai, a nemi lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga kulob ɗin, a kuma tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye kafin a fitar da ko sisi.

Wassalam.

Wani kocin yara,
Kano