Wasiƙa Daga Bauchi: Yadda Na Rage wa Tsohuwa Shan Mai

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan hazo ya sauka, da safe ko duwatsun da suka kewaye gari ba a gani sosai.

Ka tambaye ni ko tsohuwa tana nan. Tana nan daram, Golf 3 ɗin nan da muka raka amaryarka Azare da ita. Na yi dariya da ka ce taka motar ta zama kishiyar iyalinka, ita ke fara karɓar albashi. Ai duk kanwar ja ce. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake dubu. Sau biyu ina kiran dillali don in sayar da ita, sau biyu ina fasawa.

Abin da na fara yi shi ne awo. Mu dai ka san mu, sai ka ji mutum ya ce na sha na dubu goma ya yi mini kwana uku, alhali bai san nisan da ya yi ba. Na ajiye ɗan littafi a mota. In cika tanki har famfo ya katse da kansa, in rubuta lambar kilomita, in yi ta harkokina, ranar da na sake cikawa in raba tafiyar da yawan litar da ta shiga. Kai ma fara da wannan, in ba haka ba kowa ya zo da tatsuniyarsa sai ka yarda.

To ga inda ɓarawon yake. Shekarun baya motar ta taɓa yin zafi a hanyar Ningi, wani bakanike ya cire mata tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye, da an kunna mota sai ta hau juyawa. Ya ce wai wannan abin na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara. Na yi masa godiya har da ƙarin na goro! Ashe aikin ɗan ƙarfen nan shi ne ya tare ruwa kada ya zagaya lagireto sai inji ya ɗumama. Inji mai sanyi ya fi buƙatar mai, don haka muddin ƙwaƙwalwar motar tana jin sanyi, za ta yi ta ƙara masa. Tawa kuwa kullum a sanyaye take, allurar zafi ba ta ko motsi, ni kuma ina ta yabon ta. Wani dattijon bakanike ne ya kwance fulogi ya miƙo mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya sa yatsa a bakin salansa ya nuna mini. Ya ce, "Alhaji, kuɗinka ne nan kake fesa wa mutanen Wunti." Muka wanke lagireto, wanda shi ne asalin ciwon tun farko, muka mayar da tamostat, fanka ta koma tashi da kanta. Yanzu allura tana tsayawa a 90, littafina kuma ya nuna bambanci tun a tanki na biyu. In wani ya ce zai cire maka injekta ya sa kafireta don sauƙin gyara, ka ce masa ka gode.

Sauran ƙanana ne: sabbin fulogi, matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa, da iskar taya. Kada ka bar mai faci ya buga taya da ƙafa ya ce ta yi. A sa geji, da safe kafin taya ta yi zafi; adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Bayan tafiya kuma ka kai hannu kusa da kowane rim, wanda ya fi sauran zafi burkinsa na kamawa. Na sauke kariyar ɗaukar kaya da ke kan rufi, na kwashe tarkacen but, har da mataccen batir da ya shekara yana yawo da ni.

Kada ka yi mini dariya: na sayi maganadisun nan da ake maƙalawa a tiyon mai. Ko cokali bai rage ba. Batun komawa iskar gas ta CNG kuwa, fara duba inda za ka riƙa sha, sannan ka tuna tukunyar za ta cinye maka but.

Mai wuyar shi ne ƙafata. Da can in na fita Gombe, da na wuce gadar Dindima sai in danne totur. Amma turjiyar iska ba daidai take hawa da gudu ba, in ka ninka gudu ita sai ta ninku huɗu. Yanzu a 90 nake zama, giya ta biyar, in hango shinge ko rami tun daga nesa in ɗaga ƙafa maimakon in zo in taka burki. Ƙarin lokacin bai kai rabin awa ba, kodayake yara na cewa Baba ya tsufa. Na daina ɗumama mota minti goma da safe, na daina barin ta tana sulo ina jiran maiɗakina a kasuwar Muda Lawal.

Abu ɗaya nake roƙon ka: kada ka saka mota a firi, wato ba giya, a gangare, kamar yadda wasu direbobi ke yi in sun sauko daga Jos. Mota mai injekta tana yanke mai da kanta in ka saki totur tana cikin giya, don haka firin ba riba, sai dai burki ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Ka buɗe bonet gobe ka duba ko fankarka na tashi da an murɗa makulli, ka faɗa mini. Ka gaida uwargida, a shafa mini kan yara. In za ka zo da sallah ka sanar da ni da wuri, a ajiye maka masa.

Naka har kullum,
amininka na Bauchi