Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta ɗaliban fisiyo (gashi da atisayen gaɓoɓi a asibiti) a Kaduna na bana

Assalamu alaikum ƴan uwa membobi, malamanmu da yayyenmu da suka gama.

Bana ƙarfinmu kusan duk a kan bincike ya tafi. Mun ce ma ƴan ajin ƙarshe dan Allah a daina ɗauko furojet ɗin wani (binciken kammala karatu) a sauya masa suna, a fita unguwa a ga abin da ke damun mutane, kuma Alhamdulillah an ji. Wasu sun bi masu shanyewar ɓarin jiki da aka sallama daga asibiti a Rigasa da Tudun Wada, tambayarsu ɗaya ce, me ya sa mutum zai fara zuwa gashi sai ya ɓace? Abin da aka fi gaya musu shi ne kuɗin mota, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ɗaukar shatar Keke Napep zuwa asibiti ya fi ƙarfin gida da yawa, ga wanda zai rako mara lafiya shi ma sai ya bar sana'arsa ranar. Wasu marasa lafiyar kuma sun ɗauka in an ba da maganin hawan jini shi ke nan hannu da ƙafa za su dawo da kansu, alhali watannin farko ne jiki ya fi karɓar atisaye, in aka yi sake gaɓoɓi su sandare. Shi ya sa muke ganin koya ma masu jinya atisayen gida shi ne aikin da ya fi cancanta mu sa gaba baɗi.

Wani rukunin ya yi aiki kan ciwon baya a wajen direbobin tashar Kawo, sun sha ba'a kam amma an cike musu takardun tambayoyi.

Ranar 8 ga Satumba, ranar fisiyo ta duniya, mun yi gwajin hawan jini kyauta. Mun ziyarci masu shan inna, don ko da aka ayyana Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna (wild polio) a 2020, waɗanda ta riga ta taɓa suna nan suna buƙatar sanduna da kekuna.

Matsalarmu izinin kwamitin ɗa'a, wato masu amincewa da bincike kafin a fara shi, wallahi yana cin lokaci, ƴan aji huɗu ku nema da wuri. Sai kuɗin wata-wata, da yawanmu ba su biya ba, ma'aji zai turo lissafi a WhatsApp kafin taron zaɓe.