Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗalibin Da Ya Ce A Sallami Masu Shuɗiyar Hula

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar taron nan da muka yi a bainar jama'a kan yaƙe-yaƙen zamani, ka miƙe lokacin tambayoyi ka ce: "Malam, sojan da ke riƙe da bindiga, ana kashe mutane a gabansa bai harba ba, me ya raba shi da ɗan kallo? Shekara kusan tamanin Majalisar Ɗinkin Duniya tana tura dakarun kiyaye zaman lafiya, ina zaman lafiyar? Ba gara a sallame su kowa ya huta ba?" Zaure ya ɗauki tafi, ni kuma mai gabatarwa ya ba ni minti biyu. Abin da na faɗa a minti biyun ni kaina bai gamsar da ni ba, balle kai. Shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Ka fara da sanin cewa wannan aiki babu shi a kundin da aka kafa Majalisar a kansa a 1945. Babi na shida ya yi maganar sasanta rikici ta hanyar tattaunawa, na bakwai ya yi maganar amfani da ƙarfi. Marubutan kundin sun ɗauka manyan ƙasashe biyar za su haɗa kai su ladabtar da duk wanda ya tayar da fitina. Ba a je ko'ina ba Yaƙin Cacar Baka ya shiga tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wannan ya kawo ƙuduri a Kwamitin Sulhu, wancan ya hau kujerar na-ƙi. Dakarun da kake magana a kansu dabara ce ta rashin yadda za a yi, har ana yi wa aikin laƙabi da "babi na shida da rabi".

Na farkon da aka tura, a 1948 lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ko bindiga ba su riƙe ba. Hafsoshi ne 'yan sa ido, da tabaran hangen nesa da littafin rubutu, suna kai rahoton wanda ya karya yarjejeniyar tsagaita wuta. Shekara ta zagayo aka tura irinsu Kashmir, tsakanin Indiya da Pakistan. Duka biyun suna nan har gobe.

Runduna mai makami sai a 1956. Gamal Abdel Nasser ya mayar da mashigin Suez mallakar Masar, Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka auka masa, Amurka da Sobiyet kuma, abin da ba a saba gani ba, suka haɗu a kan cewa sai maharan sun janye. Ana neman hanyar da za su fita ba tare da kunya ta kashe su ba, sai ministan harkokin wajen Kanada, Lester Pearson, ya kawo shawarar a shigo da sojojin ƙasashen da ba ruwansu da faɗan su tsaya a tsakani. Wata 'yar matsala ta taso: kakin wasu daga cikinsu ya yi kama da na sojan Birtaniya. Aka kwaso hulunan kwano na sojan Amurka aka fesa musu shuɗin fenti, don a gane su tun daga nesa kada a harbe su. Ka lura da wannan. Sojan yaƙi ɓuya yake yi, wannan kuwa an yi masa fenti ne don kowa ya gan shi.

Daga nan sharuɗɗa uku suka kafu: sai da yardar masu rikicin, ba goyon bayan kowa, ba harbi sai don kare kai. Wato mai rabon faɗa ne da aka kira bayan 'yan faɗan sun gaji. Ya yi aiki shekara goma a Sinai. Ranar da Nasser ya ce su tafi, a watan Mayun 1967, suka fara haɗa kaya, cikin 'yan makonni Yaƙin Kwana Shida ya ɓarke. Wani zai ce ka ga rashin amfaninsu. Wani kuma ya tambaya, to me ya sa yaƙin ya jira sai da suka matsa?

Kongo ce ta fara nuna abin da ke faruwa in an kai mai rabo inda faɗa bai ƙare ba. A 1960 Firaminista Patrice Lumumba ya nemi taimako bayan lardin Katanga ya ɓalle. Aka tura dakaru da suka kai kusan 20,000. Shi yana so su murƙushe 'yan aware, su kuma suka ce ba wannan ya kawo su ba. Suna cikin ƙasar aka kama shi, aka kashe shi a Janairun 1961. A watan Satumba Babban Sakatare Dag Hammarskjöld ya mutu a haɗarin jirgi kusa da Ndola, a Zambiya ta yau, a hanyarsa ta neman tsagaita wuta. Daga ƙarshe yaƙin da suka ƙi yi sai da suka yi shi, Katanga ta dawo a 1963.

Kada ka ce ban kawo maka inda abin ya yi kyau ba. Namibiya ta yi zaɓe a 1989 ƙarƙashin sa idonsu, ta sami 'yanci ran 21 ga Maris 1990. A Mozambik, gwamnatin Frelimo da 'yan tawayen Renamo suka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Roma a 1992, dakarun suka karɓi makamai, aka yi zaɓe a 1994. Duk wuraren nan masu faɗan ne suka riga suka yanke shawarar dainawa, abin da ya rage musu shi ne wanda zai tsaya shaida don kada ɗaya ya ci amanar ɗaya.

Yanzu bari mu zo inda tambayarka ta fi zafi, don na san Ruwanda kake nufi ko da ba ka ambace ta ba. A Oktoban 1993 an kashe sojojin Amurka 18 a Mogadishu, aka ja gawa a titi duniya na kallo a talabijin. Daga ranar gwamnatin Amurka ba ta son jin maganar tura soja Afirka. Cikin wannan yanayi Janar Roméo Dallaire na Kanada yake Kigali, babban birnin Ruwanda, da dakarun Majalisar wajen 2,500, ba isassun harsasai, ba motocin kirki. Ran 11 ga Janairun 1994 ya aika wa hedkwata a New York cewa wani na ciki ya tsegunta masa inda aka ɓoye makamai, kuma ana rubuta sunayen 'yan ƙabilar Tutsi. Ya ce zai je ya kwashe makaman. Sashen da Kofi Annan ke shugabanta a lokacin ya hana shi, ya ce wannan ya wuce huruminsa, ya je ya shaida wa shugaban ƙasa.

Kisa ya fara ran 7 ga Afrilu. A ranar aka kashe sojojin Beljiyam goma, Beljiyam ta ce za ta kwashe nata. Akwai wata makarantar koyon sana'a a Kigali da mutum wajen 2,000 suka fake don sun ga shuɗiyar tuta. Ran 11 ga wata sojojin suka hau motoci suka fita, mutane na bin motocin suna roƙo. Kafin dare ya yi an kashe mafi yawansu. Kwana goma bayan haka Kwamitin Sulhu ya zauna, ya rage rundunar zuwa mutum 270. Gwamnatin da ke aikin kisan tana da kujera a kwamitin a wannan shekara. Mutum kimanin 800,000 cikin kwana ɗari.

To amma akwai waɗanda suka tsaya, akasarinsu 'yan Ghana. Akwai kuma Kyaftin Mbaye Diagne na Senegal, ɗan sa ido marar makami. Dokar aikinsa ba ta ba shi damar ɗaukar farar hula ba. Shi kuwa sai ya loda mutum huɗu ko biyar a motarsa, ya iso shingen 'yan kisa masu adduna, ya leƙo ta taga ya yi musu barkwanci, ya miƙa taba ko ɗan kuɗi, ya wuce, ya dawo ya ɗauki wasu. Har 'ya'yan Firaminista Agathe Uwilingiyimana shi ya fitar bayan an kashe uwarsu. Ɓarɓashin bam ya same shi a wani shinge ran 31 ga Mayu. Hula ɗaya ce a kansa da ta waɗanda suka bar makarantar nan.

Shekara guda bayan haka sai Srebrenica a Bosniya, garin da Majalisar da bakinta ta kira tudun mun tsira. Sojojin Holan 'yan ɗaruruwa, da ƙananan makamai, suka nemi ɗauki ta sama, abin da ya zo bai taka kara ya karya ba. Dakarun Ratko Mladić, kwamandan Sabiyawan Bosniya, suka ware maza da samari Musulmi wajen 8,000 suka kashe a Yulin 1995.

Ka ga abin da ya sa ban yi tafi tare da zauren ba? Ana barin jaki ana dukan taiki. Majalisar ba ta da soja ko ɗaya nata, aro take yi. Kwamitin Sulhu ke rubuta abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Masu kuɗi su biya, Amurka kaɗai ana ɗora mata fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, amma 'ya'yan Nepal da Bangladesh da Indiya da Pakistan da ƙasashen Afirka ne ke kwana a filin. Duk soja ɗaya ana biyan gwamnatinsa abin da bai kai dala 1,500 ba a wata, ita kuma ta ba shi abin da ta ga dama. A wasu wuraren kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sau da yawa kuma kwamandan bataliya sai ya kira babban birnin ƙasarsu kafin ya bi umarnin kwamandan runduna. Rahoton kwamitin binciken da Majalisar ta kafa ƙarƙashin Lakhdar Brahimi a 2000 ya fito fili ya ce a daina faɗa wa Kwamitin abin da yake son ji, a faɗa masa abin da aikin ke buƙata.

An ɗan gyara. A Saliyo aka fara rubuta kare farar hula ƙarara cikin umarnin aiki. Bayan 'yan tawayen RUF sun yi garkuwa da dakaru wajen 500 a 2000, Birtaniya ta shigo, aka ƙara rundunar zuwa 17,500, aka karɓi makaman mayaƙa sama da 70,000. A Sudan ta Kudu, da yaƙi ya ɓarke a Disambar 2013, sai dakarun Majalisar suka buɗe ƙofofin sansanoninsu, har masu fakewa suka haura 200,000.

Ba wanke su nake yi ba. Kwalarar da ta kashe mutum wajen 10,000 a Haiti daga 2010 daga sansaninsu ta fito, sai 2016 Babban Sakatare Ban Ki-moon ya nemi afuwa. Lalata da mata da yara a Kongo da Afirka ta Tsakiya abin Allah wadai ne, kuma ƙasar sojan ce kaɗai ke da ikon hukunta shi, abin da sau tari ba ta yi. Wannan laifin na taikin ne da kansa.

A sallame su? Mali ta yi hakan a 2023, bayan shekara goma da mutuwar ma'aikatan rundunar sama da 300. Ban ga laifin wanda ya gaji da su ba, domin masu dasa nakiya a hanya ba sa cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar Aljiyas ta 2015, ba yardarsu aka nema ba balle su mutunta fenti. An kai mai rabo fagen da ba wanda ya kira shi. Amma fitarsu ba ta tsayar da harbin ba. A tsibirin Kuburus kuwa suna nan tun 1964, sulhu bai samu ba, sai dai tun 1974 ba a koma yaƙi ba. Ni ba zan ce a janye su daga can ba, kamar yadda ba zan goyi bayan a sake kafa irin ta Mali ba.

Taro na gaba zan roƙi mai gabatarwa ya ba ka minti goma, ka zo ka gaya mana wa kake so ya tsaya a ƙofar sansanin nan na Sudan ta Kudu in an sallame su.

Wassalam,
Malaminka.